Biro Uku a Aljihun Baba Hanci

Shekara ashirin da uku yana dama mai a ɗakin baya na masana'antar, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai dai ya ce Baba Hanci. Aikin ba wuya a ido. A ɗora mai a tukunyar ƙarfe, a narkar da kakin zuma a ciki, a yi ta juyawa har ya huce ya daskare kamar man kitso. Daga nan a raba shi biyu. Rabi ya tafi gidan biskit, su yi kwaɓi da shi a madadin kitse. Rabi a zuba masa sinadarin nan mai yaji da sanyi, ya zama man zafi. Bokitan duk farare ne, murfi iri ɗaya, sai takardar da ke manne a jiki take bambanta su.

Baba mutum ne mai fasali: biro uku a aljihun gaba, tabarau rataye a wuya. Amma ko harafi ɗaya bai sani ba, kuma ya gwammace a ce ya yi sata da a ce bai iya karatu ba. In aka miƙo masa takarda sai ya ɗan matse ido ya ce, "Karanto mana, rubutun yaran yanzu sai su." Bokiti kuwa, murfi kawai zai ɗaga ya shaƙa, shi ke nan. Hancin nan ya rufa masa asiri har ya aurar da 'ya'ya uku, ya sama wa 'yarsa Auta aikin sito a nan inda yake.

Sai mura ta kama shi. Murar banza, wadda ba ta kai a kwanta ba.

Ran nan motar gidan biskit ta zo ɗaukar bokiti huɗu. Baba ya ɗaga murfi ya shaƙa, shiru. Ya ɗaga na kusa da shi, shiru. Ya dubi takardun da Auta ta manna: ɗaya ABINCI, ɗaya MAGANI, haruffa shida-shida, a idonsa kamar tagwaye. Auta na zaune taku biyar daga inda yake, tana lissafin murafe. Buɗe baki kawai zai yi. Maimakon haka ya ɗora tabarau a hanci, ya gyaɗa kai irin na masana, ya nuna wa direba huɗu.

Washegari da hantsi bokitan suka dawo. An yi sa'a masu kwaɓi sun ji yajin ya bugi idonsu kafin komai ya shiga bakin yaro. Manaja ya tara uba da 'ya a ofis, rai a ɓace.

Auta ta riga kowa magana. "Ranka ya daɗe, laifina ne. Ni na jera su a layin abinci."

Ƙarya take yi, kuma Baba ya sani.

"To kin ga," in ji Manaja. "Don ya yarda da ke ne bai tsaya karantawa ba. Ajiye makullin sito, ki tafi gida."

Ta ciro makullin ta ajiye a tebur, ba ta ko dubi ubanta ba. Kunya ta rufe Baba. Ya tsufa yana tsoron dariyar mutane, ga shi yau 'yar cikinsa za ta rasa aiki don kada a yi masa ita.

"Mayar mata da makullinta, Manaja," ya ce. "Daidai ta jera. Ni ne ban iya karatu ba. Ban taɓa iyawa ba."

Ba wanda ya yi dariya, wannan kuwa ya fi yi masa ciwo. Manaja ya tura makullin gaban Auta, ya shiga gyara takardun da ba su bukatar gyara.

Da suka koma ɗakin baya Baba ya tsaya gaban tukunya, ya ba ta baya. "Yaushe kika sani?"

"Tun ina aji biyu, Baba. Kun riƙe sakamakona a kife, kuka ce madalla."

Can ya juyo, ya buɗe tafin hannunsa mai maiƙo, ya goge a riga, ya miƙa mata. "Nuna min na magani."

Ta zaro biro ɗaya daga aljihunsa, ta gwada a tafin hannunsa, bai yi rubutu ba. Ta gwada na biyu, ta gwada na uku, duk sun bushe tun ba yau ba. Ta mayar masa da su a hankali, ta ciro nata.