Irene Ba Ta Cewa "Ina Zuwa"

Faɗanmu na farko da Malama Irene Shawulu a kan kalma biyu muka yi shi. Na fito zan tafi ofis, mayafi a kafaɗa, makullin mota a hannu, na leƙa ɗakin 'yata Nabiha na ce mata, "Ina zuwa." Abin da kowace uwa ke faɗa ke nan in za ta fita, ko bakin ƙofa za ta ko Legas. Sai matar nan, da ko wata ba ta cika a gidana ba, ta ajiye cokalin kunun da take ba yarinyar ta ce, "Hajiya, don Allah kada ki ƙara gaya mata haka. Ki ce za ki ofis, sai la'asar."

Na dube ta sama da ƙasa na ce, "Malama, reno na ɗauke ki, ba koya mini Hausa ba." Na fita na bugo ƙofa, na yini ina saƙa yadda zan sallame ta.

Ban sallame ta ba, don ba ni da wannan gatan. Nabiha da lalura aka haife ta, ba ta tafiya, ba ta magana, sai dai kunnenta ya fi na kowa a gidan. Masu reno sun zo sun tafi, wata ta ce bayanta, wata ta ce mijinta ya hana. Irene kaɗai ce ta zauna, kuma a hannunta yarinyar ta fara haɗiye abinci ba tare da ta ƙware ba.

'Yar Wusasa ce, doguwa, siririya, furfura na leƙowa ta ƙasan ɗankwali. Mahaifinta kafinta ne, ita kuwa ta yi koyarwa a wata firamare a Badawa. Ba ta taɓa aure ba. Ran Lahadi takan tafi coci, ta biya gidan ƙanenta Calvin ta ci tuwo, kafin magariba ta dawo. Idan zan yi salla ita ke rage ƙarar rediyo ko ta ɗauke Nabiha daga gabana, ban taɓa sa ta ba. Amma tana da wasu halaye da ke ba ni haushi. Ko banɗaki za ta shiga sai ta tsaya ta yi wa Nabiha bayani dalla-dalla, inda za ta da lokacin da za ta dawo, kamar mai neman izini wajen shugaba. Unguwarmu shiru ce, dogayen katangu da darbejiya, sai ƙarar janareta. To duk ranar da wata babbar mota ta ratso layin ta danna oda, sai Irene ta ƙame a inda take, ko me ke hannunta.

Wata rana da yamma muna ƙarƙashin mangwaro tana murza wa Nabiha ƙafa da man kaɗe, na tsokane ta na ce, "Wai ni Malama, me 'ina zuwa' ta yi miki?" Na ɗauka za ta yi dariya. Sai ta ci gaba da murza ƙafar, ta ba ni labarin ba tare da ta ɗago kai ba.

Cocinsu ne ya tura ta Afirka ta Tsakiya, wani ƙaramin gari inda mishan ke da gidan yara naƙasassu, guragu da kurame da waɗanda iyaye suka kai suka ajiye. Ba ta jin yarensu sosai, su ba sa jin nata, da hannu da waƙa ake fahimtar juna. A cikinsu akwai wata ƙaramar makauniya mai suna Odil, wadda ta liƙe mata. Duk inda Irene ta zauna, yarinyar na riƙe da gefen zaninta. In za ta tashi sai ta ɓamɓare 'yan yatsun ta ce, "Ina zuwa," da Hausa, don bakinta ya saba. Kuma kullum tana dawowa.

Da yaƙi ya iso garin, aka aiko mota ta kwashe baƙin ma'aikata. Aka ce musu rajista kawai za a yi a babban gari, a dawo da motar da za ta ɗebi yaran. Direba na ta danna oda a waje. Irene ta ɓamɓare hannun Odil, ta faɗi abin da ta saba faɗa, ta fita ko jaka ba ta ɗauka ba. Hanyar ta rufe a bayansu. Sai a jirgi ta tsinci kanta, daga baya ta ji an ƙona gidan, yaran sun watse.

"Hajiya," ta ce, "da na ce mata sai wata rana, da ta yi kuka ta haƙura. Amma ce mata na yi ina zuwa. In tana raye, tana nan tana jira na."

Na ce mata ba laifinta ba ne, kuma har zuciyata haka nake gani. Ta ce ita ma fasto ya gaya mata haka. Sai ta koma ɗaya ƙafar. Ni kuwa tausayinta ya kama ni.

Daga nan na gane dalilin da take nacin bi na kasuwar 'Yankaba. Ni ina cinikin tumatir, ita tana can wajen manyan motoci tana tambayar direbobin da ke kai albasa Kamaru, don ta ji can ne 'yan gudun hijirar garin suka tsallaka. Tambayarta ɗaya ce: ko sun taɓa jin wata makauniya mai suna Odil, ko wadda ke neman wata Irene? Shekaru sun fi goma tana wannan tambaya. Direbobin sun saba da ita, har sukan ce ga Malama mai cigiya.

Bara, ana gab da damina, ina tsaye kusa da ita wani direba mai suna Inuwa, ɗan Gawuna, ya girgiza kai ya ce bai san wata Odil ba. Har mun juya sai ya yi dariya ya ce, "Makauniya dai ɗaya na sani a can, bakin wani sansani kusa da iyaka. Budurwa ce. Duk motar da ta tsaya sai ta matso tana cewa ina zuwa, ina zuwa. Mu kuma mu ce mata, to sai kin zo. Ko Hausa ba ta ji, Allah kaɗai ya san inda ta tsinto ta."

Irene ta dafa ƙofar motar. Ta ce, "Malam Inuwa, yaya take faɗa? Faɗa mini yadda take faɗa."

Ya ɗan yi tunani, dariyar ta fara barin fuskarsa. Ya ce, "Kamar mai tambaya. Wani lokaci ma takan ce Mama. Mama Inazuwa."

A nan tsakiyar kasuwa, cikin warin ruɓaɓɓen tumatir, abin ya faɗo mana gaba ɗaya. Yarinyar ba alkawari ta riƙe ba. Ba ta taɓa sanin ma'anar kalmar ba. Ita dai ta san duk lokacin da matar nan ta taɓa hannunta abin da take faɗa ke nan, sai ta ɗauka sunanta ne. Shekara da shekaru tana kiran sunan, mutane na amsa mata da sai kin zo. Irene kuma tana nan Kano tana cigiyar wadda ke neman Irene. Na kasa kallon kowannensu.

Ba zan yi ƙarya ba, ban so ta tafi ba. Na kawo mata maganar hanya, da shekarunta, da Nabiha. Ta saurare ni har na gama, sannan ta shiga ɗaki ta durƙusa gaban 'yata ta gaya mata komai, har da cewa ba ta san ranar dawowa ba. Cocinsu ya haɗa ta da wasu ma'aikata, ta tafi.

Da ta kira ni a waya, ina ofis da rana tsaka, muryarta kamar ba tata ba. Ta sami Odil. Ta ce yarinyar ta girma, ta kusa kai ta tsayi, tana zaune a kan wani dutse a bakin hanya. Irene ta durƙusa ta kira ta Odil, ta ce, "Ni ce Irene." Yarinyar ta shafa fuskarta, ta shafa furfurar, ta janye hannu ta kau da kai. Irene ta rera mata waƙar da suke yi a da, ba ta motsa ba, don kowace mai aikin coci ta iya waƙar.

"To me kika yi?" na tambaye ta.

"Hajiya, babu yadda zan yi. Na kama hannunta na ce mata ina zuwa."

Ta ce yarinyar ta yi wata irin ƙara, ta cafke zaninta da hannu biyu har ya ɓarke. Ta gane ta. Amma ta tuna har da abin da ke biyo bayan kalmar, wato a ɓamɓare mata yatsu, sawu ya yi nisa. Tun daga ranar ba ta sake ta ba. Tare suke cin abinci, tare suke zuwa rijiya, ko coci Irene za ta shiga da hannu a gefen zaninta. Kuma har yanzu da wancan sunan take kiran ta, ita kuwa dole ta amsa.

Na ce, "Malama, yaushe za ki dawo? Nabiha ta rame."

Kafin ta amsa sai na ji wata murya kusa da wayar, ƙasa-ƙasa, tana maimaita sunan kamar mai duba ko mutum na nan.

Irene ta ce, "Ki gaishe mini da ita, Hajiya. Kada ki ce mata komai a kaina."