Wutar Fumie a bakin ƙofa

Fumie Nagasawa ta zo Landan daga Japan tana amarya, ta tsufa a wani ɗan flat a hawa na uku a unguwar Peckham, ƙofarta na kallon tamu. Ɗinki ta yi har idonta ya gaza. Mijinta ya mutu, ɗansu guda ɗaya, Shigeru, ya bi shi a haɗarin babur. Daga nan sai ita da wani baƙin akwati mai ƙyaure biyu a kusurwar falo.

A cikin akwatin akwai hotunansu da alluna masu sunayensu. Kullum da safe sai ta buɗe, ta ajiye 'yar shinkafa da shayi, ta kunna turare, ta ba su labarin tsadar kifi a kasuwar Rye Lane. Ba ta kai loma baki sai ta zuba musu. Adiza, 'yar zangon Kumasi da ke zuwa yi mata wanka da shara, ta yi ta a'uziyya a makon farko. Daga baya ta saba, har ta kan tuna mata in shinkafa ta kusa ƙarewa.

A wajen mutanensu, in ji Fumie, matattu na zuwa gida ganin dangi kowane watan Agusta. Obon suke ce wa lokacin. Ana hura musu 'yar wuta a bakin ƙofa da yamma don kada su ɓata hanya. Mamacin da ba mai tarbarsa shi ne abin tausayi, sai dai ya yi ta gararamba da yunwa. Wannan kaɗai take tsoro a duniya.

Shekara da shekaru tana hura wutarta a faranti, ba wanda ya ko yi tari. Sai aka sa wa benen sabuwar ƙararrawar hayaƙi. Ranar da ta kunna wutar, gidan ya ɗauki kuwwa, motar kashe gobara ta iso, aka same ta durƙushe tana yi wa iska maraba.

Bayan kwana kaɗan wasu ma'aikatan hukuma biyu suka zo dubata. Suka ga tsohuwa na ba akwati abinci, tana hira da shi, ga kuma maganar wuta. Me kuwa za su ce? Ƙwaƙwalwa ta taɓu.

"Ba ta da dementia fa," in ji Adiza. "Addininta ne. Ko bus pass, katin shiga bas, ba ta mantawa!"

Suka yi mata murmushin nan nasu mai sanyi, suka ci gaba da abin da ya kawo su. Har yau in na tuna murmushin nan raina ɓaci yake yi.

Aka kai Fumie gidan tsofaffi a can bayan Croydon. Ba wuta, ba turare, ɗakin kuma bai ɗauki akwatin ba, aka ce za a adana mata. Ta riƙa ɗibar abincinta tana ajiyewa a bakin taga, masu aiki na kwashewa. Ta fara ramewa.

Da Agusta ta zagayo, ni da Adiza muka je gaishe ta. Tana zaune da rigar fita, ta kama hannun Adiza.

"Tsohuwar ƙofa za su je," ta ce. "Ba su san nan ba. Ki kunna musu, ashana ɗaya ma ta isa."

Adiza ta ce, "Mama, komai zan yi miki. Wannan kam ba zan iya ba."

Fumie ta sunkuyar da kai, ta yi mata godiya, ta kuma ba ta haƙuri don ta tambaya. Kuka Adiza ta yi ta yi a jirgin tram har muka sauka.

Fumie ba ta ga ƙarshen sanyin shekarar ba. Flat ɗin yanzu wasu ɗalibai ne a ciki, akwatin kuwa ba wanda ya iya gaya mana inda ya shiga. Jiya Agusta ta kama. In yadda ta faɗa ne, bana su uku ne za su zo neman ƙofar.