Ramlatu da Kwalaben Gwaji

Ramlatu 'yar Hamdara ce, aure ya kawo ta Kara-Kara tun zamanin da jakuna ke kawo ruwa unguwar. A ɗakin uwarta ta koyi cewa duk abin da zai ɗauki ruwa, randa ko tulu, in an wanke shi sai an kife shi bisa kasko an turara da kajiji. Matan wancan lokaci da ƙamshin randa ake gane tsabtarsu.

Bayan rasuwar mijinta ta samu aikin shara da wanke kwalabe a wani laboratuwar da ke gwajin abinci cikin Zinder. Aikin ya karɓe ta. Akwai wata na'ura a wurin da Malam Zakariya'u, mai yin gwajin, yake lallaɓawa kamar jinjiri. Ya taɓa yi mata bayani: ana jiƙa niƙaƙƙiyar gyaɗa a tace, a tura ruwan cikin siririn bututu, abubuwan da ke ciki su rarrabu, kowane ya fito a lokacinsa. A bakin fita hasken laza yana jira. In akwai gubar funfuna sai ta yi ƙyalli, na'ura ta zana tsauni a allo.

Bara da kaka matan Hamdara suka aiko da gyaɗarsu, har da ta ƙanwarta Hasana, domin mai saye ya ce ba zai ɗauka ba sai gwaji ya nuna lafiyarta lau. Allo ya zana tsauni. Zakariya'u ya sake gwadawa, tsauni ya dawo. Ya zuba ruwa zalla ba gyaɗa, tsauni yana nan. Laifin dai ba na gyaɗa ba ne, amma ba shi da ikon sa hannu a takardar gwaji muddin tsaunin yana nan, ga shi mai saye ya fara zancen wucewa garin Dakusa ya sayi ta can.

Yana juya wata kwalba a hannu sai ya kai ta hanci.

"Inna Ramlatu, me kika yi wa kwalaben nan?"

"Turara su na yi. Gyaɗar garinmu ce za ta shiga ciki, in bar su suna warin asibiti?"

Ya zauna ya yi dariya har da share hawaye, sannan ya gaya mata hayaƙi ma yana ƙyalli in laza ya haska shi. Ta ce to ashe na'urar tasa, duk tsadarta, ba ta san kajiji da guba ba. Amma sai ta tuna buhunan Hasana. Ta tattara kwalaben ta yi ta wanki da ɗauraya, shi kuma ya haɗa sabon ruwan gwaji.

Bayan la'asar allo ya ja layi a miƙe, ko tudu babu. Zakariya'u ya sa hannu, kashegari kamiyo, babbar motar kaya, ya shiga Hamdara ya kwashe gyaɗa.

Da Ramlatu ta je wani suna can Hamdara ta ba da labari, matan duk suka goyi bayanta. Hasana ce kaɗai ta ce, "Yaya, baɗi ki bar su da warinsu."