Shafin da Alhaji Sabi'u Ya Ƙi Buɗewa

Shekara bakwai ke nan cur tun ranar da muka sa Malam Hamisu a makwancinsa, a wata maƙabarta ta birnin Riyad. Da za a ce in je in nuna kabarin yau, da ban iya ba, domin mutanen ƙasar nan ba su rubuta suna a kan kabari. Dutse a kai, dutse a ƙafa, shi ke nan, mai mulki da talaka duk ɗaya. In na je ziyara sai in tsaya daga gefen da nake tsammani, in yi wa jama'a addu'a baki ɗaya, in sa shi a ciki. Kowace shekara nakan rubuta 'yan layuka a wannan fili in roƙa masa gafara. Bana alƙalamina ya ƙi tsayawa a kan addu'a kaɗai. Akwai magana, na kuwa gaji da haɗiye ta.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Hamisu tafinta ne. Ofishi ɗaya muka yi aiki da shi shekaru masu yawa, gida ɗaya kuma muka zauna a unguwar Ulaisha, wani tsohon bene, shi da iyalinsa a sama, ni da nawa a ƙasa. Mutum ne da ya sha karatun zaure kafin ya ga allon boko, bai kuwa taɓa yarda ɗaya ya kori ɗaya daga ƙirjinsa ba. Abin da ya bambanta shi da sauranmu shi ne ƙaunar tsofaffin labaran Turawan Ingila, na zamanin da ake hawan keken doki a Landan. Iri biyu yake so. Akwai na masu bin diddigin kisa, inda mutum zai dubi taɓon takalminka da tokar da ta zuba a rigarka ya faɗa maka inda ka fito. Akwai kuma gajerun labaran fatalwa, na tsofaffin gidaje da ƙofofi masu buɗe kansu. A kasuwar gwanjo yake tsinto su, cikin tarkacen baƙin da suka gama aiki suka koma ƙasashensu.

Yana da wata al'ada da na daɗe ina yi masa dariya a kanta. Ba ya karatu sai da fensir a bayan kunne. In ya kai tsakiyar labari sai ya dakata, ya rubuta a gefen shafi, da ajami, wanda yake zato shi ne mai laifin. In ya gama littafin sai ya yi wa kansa hukunci a shafin ƙarshe kamar malamin makaranta, ko ya rubuta ya ci, ko ya rubuta ya faɗi. Na taɓa ce masa, "Haba Malam, da furfurarka kana zana jarrabawa a gaban matattun Turawa?" Ya ce, "Alhaji, zato nake horarwa. Doki ne. In ba ka sa masa linzami a fili ba, a tsakiyar kasuwa zai kayar da kai."

A lokacin Alhamis da Juma'a ne hutun mako a nan. Ran Alhamis bayan la'asar sai in hau sama, ya mayar mini da labarin da Hausa, yana tsayawa yana tambayata wa nake zargi. Maiɗakinsa, Hajiya Rakiya, takan miƙo mana shayi, nasa babu sukari saboda ciwon da yake fama da shi, ta zauna a bayan labule tana saurare. Sau da yawa muna cikin gardama sai mu ji muryarta: "Ku daina wahalar da kanku, mai gadin nan ne, tun ɗazu na ga take-takensa." Kuma sau da yawa ita ke cinye mu.

Game da labaran fatalwa, bai taɓa gaskata ko ɗaya ba, ya san iyakar abin da addininsa ya yarda da shi. Amma ya ce ya lura da abu guda: matattun Turawa ba su tashi a labari sai an zalunci wani, masu rai kuma sun yi shiru. "Mu namu matattu ba su dawowa," in ji shi. "Saboda haka aikin fatalwa a wuyan masu rai ya rataya." A ranar na ɗauke ta maganar shan shayi. Ban san wasiyya ya bar mini ba.

Ciwon sukari ne ya haɗu da na zuciya. Mako uku yana kwance a asibiti, Hajiya Rakiya ba ta bar gefen gadonsa ba sai don salla. Ya cika da hantsi. Likitoci suka ba da takarda, hukuma ta ba da izini, aka yi masa salla aka kai shi, kamar yadda shi da kansa ya sha gaya mana cewa kada a kuskura a ɗora shi a jirgi kamar kayan fatauci. Da yake iƙamar iyalinsa, wato takardar izinin zama, a kan tasa take rataye, zama ya ƙare musu. Ni na haɗa musu kaya. Ni na zuba littattafan nan a kwali biyu, na ɗaure da igiya, na kai su filin jirgin Sarki Khalid, na ce wa Hajiya ta miƙa wa danginsa, ko a sami mai son karatu a cikinsu. Da hannuna na ɗaure mata masifa na sa a jirgi.

Ba a shekara ba fuskoki suka canza a gida. Ta gaishe da dangin mijinta a amsa da ƙyar. Ta shiga gidan suna, mata su tashi ɗaya bayan ɗaya. Ta aika da abincin salla, a zuba wa kaji. Ana ta raɗa cewa ruwa ba ya tsami banza, me ya sa aka yi gaggawar binne shi, me ya sa ba a kawo gawa an gani ba? Na buga waya, na rubuta wasiƙa, na aika da takardar asibiti. Amsa ɗaya nake samu daga ƙanen marigayi, Alhaji Sabi'u, wanda ya zama babban gida bayansa: suna da hujja da hannun mamaci, ba kuwa za su nuna wa bare ba. Shekara shida ana wannan. Ni ma ina da nawa laifin, domin na bar kunya ta ɗaure mini harshe, ina cewa maganar cikin gida ce.

Hutun da ya wuce na sauko gida, na je har zauren Alhaji Sabi'u, na ce ba ni tashi sai na ga hujjar. Ya shiga ciki ya fito da littafi mai koren bango, wanda gefensa ya cinye. Tun daga nesa na gane shi. Ya buɗe tsakiya ya ɗora yatsa a kan rubutun fensir: "Matar gida ce ke zuba guba a shayi. Ba ni da shakka." Alhaji Sabi'u ba ya karanta Turanci, amma ajami kam ya iya. Ya ga hannun yayansa, ya ga mata, ya ga guba, ya ga shayi, sai ya yanke cewa marigayi ya ɓoye kukansa ne a wurin da matarsa ba za ta duba ba.

Saura kaɗan in yi dariya. Na ce, "Sabi'u, ina zaune aka rubuta wannan. Matar cikin labari ake nufi, wata Baturiya da ba a taɓa haihuwarta ba. Juya shafin ƙarshe ka gani." Ya rufe littafin ya tura ƙarƙashin matashi. Ya ce, "Yaya, ni ba sai boko ya koya mini rubutun ɗan'uwana ba. Shi da kansa ma yana zo mini a mafarki." Na ce, "Me yake ce maka?" Ya ce, "Ba ya magana, kallona kawai yake yi." Na ce, "To, ka taɓa tambayar kanka dalilin kallon?" Sai ya miƙe ya ce lokacin salla ya yi. Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta.

Nakan zauna in yi tunanin abin da Malam Hamisu zai ce da ya ga yau. Riyad ɗin da ya sani an haƙe titunanta ana shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Hutun mako ya tashi daga Alhamis. Mata sun fara tuƙi. Ni kaina na bar Ulaisha na koma unguwar Shifa. Duk wannan ba na jin zai girgiza shi, kallo zai yi ya gyara fensirinsa. Abin da zai hana shi cin tuwo shi ne wayar hannu, domin an ɗauki hoton shafin nan, yana yawo daga wayar wannan zuwa ta wancan a cikin dangi, har ga yaran da ba su san fuskarsa ba. Kowa ya zama mai bincike. Amma mai binciken da ke cikin littattafansa a kan gwiwa yake rarrafe yana duba ƙasa, ya tambayi mai shara, ya tambayi likita, ya kwana bakwai bai buɗe baki ba. Ku kuwa, dangin marigayi, layi ɗaya kuka gani, kuka yanke wa mace hukunci, kuka tafi masallaci. Ganin Dala ba shiga birni ba ne, ku kuma ko ƙofar gari ba ku kai ba. Littattafan da kuke kira shirmen kafirai sun fi ku tsoron haƙƙi.

Da abin ya tsaya a kan dattijuwar da ta saba da haƙuri, wataƙila da na ci gaba da bin ta bayan gida. To, ga Asma'u, 'yar marigayi tilo, wadda aka haifa a saman kaina, na yi mata huɗuba. Wata mai kamawa za a ɗaura mata aure da wanda take so yake son ta. Alhaji Sabi'u ne waliyyinta. Ya ce ba zai bayar da ita ba sai ta tare a gidansa, uwarta kuma kada ta tako wurin biki. Dangin ango sun fara tambaya ƙasa-ƙasa, wace irin uwa ce dangin mijinta ke gudu haka? Yarinyar ta kira ni, Larabci na kuɓuce mata kamar yadda yake yi in ranta ya ɓaci. Ta ce, "Baba, ni na ga Mama tana tauna ƙwayar dabino don kada ta ci abin da aka hana shi a gabansa. Yanzu ita za a ce in bari a waje?" Wannan rubutun shi ne amsata.

Tun da mai littafi ya ƙi juyawa, bari in faɗa wa duniya abin da ke shafin ƙarshe, domin a gabana aka rubuta shi, Alhamis ɗin da ta biyo bayan rubutun farko. Malam Hamisu ya gama labarin, ya tarar matar ba ta da laifin komai. Sai ya zare fensir ya rubuta, ya karanta mana da babbar murya: "Na faɗi. Na zalunci baiwar Allah. Astagfirullah." Hajiya Rakiya ta yi dariya a bayan labule ta ce, "Malam, istigfari saboda matar takarda?" Ya ce, "Rakiya, zato zunubi ne ko a kan wa ya sauka." Wanda ya yi kisan a labarin ba zan faɗa ba, domin marigayi ya tsani mai ɓata wa mutane ƙarshen labari.

Bai bar gida a Riyad ba, bai bar kabarin da za a nuna ba, littattafansa kuma sun faɗa hannun waɗanda suka mayar da su wuƙa. In aka auna, abin da ya rage nasa shi ne wannan: mutum ne da ya ji nauyin matar da babu ita, ya nemi gafara cikin kwana bakwai. Jininsa kuwa sun zalunci mace mai rai, wadda ta wanke shi ta juya shi mako uku, shekara shida ba su ko yi tari ba.

Sabi'u, aure za a ɗaura in Allah ya yarda, da kai ko babu kai. Ka san fiƙihu, ka san waliyyin da ya ƙi ba bisa dalili ba alƙali na da ikon tsallake shi, zan kuwa sauko in tsaya gaban alƙali in ba da shaida. Hajiya Rakiya za ta zauna a tsakar gidanta a gaishe ta uwar amarya. Abin da ya rage a hannunka ɗan kaɗan ne, amma babu mai yi maka shi. Littafin yana ƙarƙashin matashinka. Rubutun da ke ƙarshensa da ajami yake, ba ka bukatar tafinta. Ka karanta, ka sa takalminka, ka je ƙofar matar yayanka ka maimaita mata shi da bakinka, kalma bakwai ne kacal.

Allah ya jiƙan Malam Hamisu, ya haskaka kabarinsa a duk inda yake cikin duwatsun nan. Mu da muka rage kuma, Allah ya sa kada mu mutu a tsakiyar littafi.