Zaman Matan Dā

Ranar da na fara kai 'yata koyon jita a garin Annandale, nan ƙasar waje da muke zaune, ban shiga ba, ajiye ta na yi na wuce asibiti wurin aiki. Da yamma da na dawo gida na tarar da ita a falo, ƙafar hagu a kan wata 'yar kujera, gwiwoyi a ware, jitar a tsakaninsu. A gidanmu na Jos, in yarinya ta yi irin wannan zama, kakarmu ba ta ɓata bakinta, ludayi ne ke sauka a gwiwa.

"Wa ya koya miki zaman nan?"

"Malaminmu ne, Mama. Haka kowa ke zama." Da Turanci ta amsa, kamar kullum.

Malamin namiji ne, ɗakin koyarwar kuma a ƙarƙashin gidansa yake. Na ce lallai biri ya yi kama da mutum. Ko dai a canja zaman, ko a bar jitar, duk son da take yi mata.

Mako na zagayowa na bi ta. Tsoho ne mai furfura da laushin magana, ni kuwa ban cika yarda da mai laushin magana ba. Na faɗa masa zaman bai yi mini ba, bai ji haushi ba. Ya ɗauko littafin tsofaffin hotuna ya nuna mini yadda mutanen dā ke riƙe jita. Wani ya jingina tasa da bakin tebur, wani ya rataya a wuya da ƙyalle, wani ma ya kafa ta a kan ƙarfe mai ƙafa uku. Ga kuma mata, gwiwoyi a haɗe, jitar a cinyar dama. Abin da ya fara zo mini shi ne, me ya sa amsar take a shirye haka? Iyaye nawa suka riga ni tambaya?

Na ɗora yatsa a kan matan. "Irin wannan za ta yi."

Ya ce kafaɗarta za ta sha wuya. Na ce ni nas ce, ya bar mini kafaɗa.

Daga nan kowane darasi ina zaune a kusurwa da jakata a cinya. In ya miƙa hannu zai gyara mata yatsu, idona na kan hannun. Ban taɓa kama shi da komai ba, amma hakan bai kwantar mini da hankali ba. Wa zai yi wani abu uwa na kallo?

Wata rana muna komawa gida Laurel, tana murza kafaɗa, sai ta yi mini Hausa, abin da ba ta saba ba.

"Mama, wace waƙa na kaɗa yau?"

Ina cikin lalube a raina ta ci gaba.

"Wadda kike yi ce in kina wanke-wanke. Ni na roƙe shi ya koya mini, don ke."

Kunya ta rufe ni. Zan iya rantsewa gwiwoyinta a haɗe suke tun farko har ƙarshe, amma waƙar ko kaɗan ban ji ta ba.