Gwaji na Uku

Shekara ashirin da biyu ya yi a ɗakin gwajin shuka na wata cibiyar binciken noma, har sunansa ya ɓace, kowa sai Mai Rula. Aikinsa shi ne ya jera robobin da aka shuka masara, ya fesa wa layin farko wani maganin ciyawa, na biyu wani daban, na uku ya haɗa masa biyun, na huɗu ya bar shi da ruwa zalla don a samu abin kwatantawa. Bayan mako biyu ya bi su da rula yana auna tsayi, ya busar da ganyen ya ɗora a sikeli. Mutum ne mai kafiya a kan ƙa'ida guda: ba ya faɗin sakamako sai ya maimaita gwaji sau uku. Matarsa kan tsokane shi, wai ko gishirin miya ta tambaye shi sai ya ɗanɗana sau uku.

Daminar bara ƙanensa, wanda manomi ne, ya same shi a wurin aiki da gwangwani biyu a leda. Ciyawa ta addabi gonarsa, an ce masa in ya haɗa su zai huta. Su ne kuwa magungunan da Mai Rula ke gwadawa. Sau biyu ya ga haɗin ya ƙone masara ƙurmus, alhali kowanne shi kaɗai bai taɓa ta ba. Amma biyu ba uku ba ne.

"Yaya, in haɗa?"

"Ban gama dubawa ba. Ka ba ni kwana goma."

Bai ce masa kada ya haɗa ba. Ƙanen ya ɗauka jan ran 'yan boko ne, ya daure kwana huɗu, ya ga ciyawa na neman cinye shuka, ya fesa.

Ranar da gwaji na uku ya nuna abin da biyun farko suka nuna, Mai Rula ya hau kekensa ya nufi wurin ƙanen da takardar sakamakon a aljihu. Ya tarar gonar ta yi jajawur, masarar da iyalin ƙanen za su ci shekara duk ta kwanta. Ƙanen bai yi faɗa ba, abin da ya fi ci wa Mai Rula rai ke nan. Ya karɓi takardar ya jujjuya ta.

"Yaya, tun ranar ka sani?"

"Sau biyu na gani."

"Ai ni ko sau ɗaya ka gani ka faɗa min, da na ji."

Har yau suna gaisawa, zumunci bai yanke ba. Sai dai tun daga ranar ƙanen bai sake tambayarsa komai ba.