Izinin da Inna Ta Jira

Komai zan iya mantawa a shekarun da na yi ina aikin lafiya a Damargu, ban da abin da ya faru a shekarata ta biyu ina majo, wato shugaban gidan likita, a wani ƙauye na yankin Belbeji. Yau furfura ta fara fito mini, amma in na tuna sai in ji kamar jiya aka yi.

Lokacin da ƙuruciyata, ban daɗe da gama lakwal, wato makarantar aikin lafiya, a Damagaram ba, kaina cike da karatu. Mu biyar ne a wurin: ni, da ungozoma mai diflom, da mai ba da magani, da mai gadi, sai wata tsohuwa da kowa ke kira Inna. Inna ba ta taɓa shiga aji ba, amma rabin garin a hannunta suka faɗo duniya. Tana jin Fillanci, tana jin Buzanci, ba rugar da ba ta sani ba a kewayen. Da na zo na tarar tana fita ƙauyuka lokacin da ta ga dama, tana janyo mata zuwa awo. Ni a ganina rashin tsari ne. Wata rana na yi mata faɗa a gaban mutane, na ce daga yau ba mai fita da sunan likita sai da izinina. Ta ce, "To, Majo." Na koma biro, wato ofishina, ina jin na gyara aiki.

Ana nan sai wani foroje, wato shirin tallafa wa aikin lafiya, ya fara turo mana wata mata daga Tanut, mai horar da ma'aikata kan shugabanci da aiki tare. Madam muke ce mata. Nata ba irin formasiyon da muka saba ba ne, na zama a kujera ana kallon allo. Duk wata take zuwa, ta sa a shimfiɗa tabarmi a gindin aduwar da ke bayan likita, mu zauna a zagaye, ni da mai gadi gwiwa da gwiwa. Tambaya kawai take yi, ta yi shiru ta jira.

A zama na uku ta ce yau majo ba zai yi magana ba, nasa saurare. Ta dubi sauran ta ce, "Me kuka sani game da aikin nan wanda shugabanku bai sani ba?"

Can mai gadi ya ce marasa lafiya kan tambaye shi ko majo na cikin fushi kafin su shiga. Aka yi ƴar dariya, ban da ni. Ungozoma ta ce ta daina kawo shawara, don kullum amsar ɗaya ce, na riga na sani. Sai Inna ta gyara mayafi.

"Akwai wata mata a rugar arewa," in ji ta, "cikin fari ne, ya kai wata takwas. Ranar kasuwa surukarta ta gaya mini ƙafafunta sun kumbura, fuska ma haka, kai yana sara mata. Ba za ta zo da kanta ba, kunya take ji, mijin kuma ya bi dabbobi wajen Tenhiya. In aka bar mu muka je ni da ƴar nan ungozoma, ta auna ta, ni na san yadda zan taho da ita."

Madam ta juyo gare ni. "Majo, ka ji. Me za ka yi, kuma yaushe?"

Na ce cikin satin nan zan ba su babur da abin awon tansiyo, wato hawan jini. Ta rubuta a babbar takarda, aka manna a bangon birona.

Na san abin da alamun nan ke nufi. Na karanta su, na ci jarrabawa a kansu. Wannan shi ne abin da har yau ban sami inda zan ajiye shi ba. Amma a kwanakin nan hankalina ba ya kan matar, yana kan maganganun da aka faɗa mini a gaban baƙuwa. Sau biyu Inna ta zo bakin ƙofa ta tsaya. Na farko na ce babur zai kai ni taro Belbeji. Na biyu ko kai ban ɗaga ba, na ce, "Na ji, Inna, zan neme ki." Ban neme ta ba.

Kwana tara bayan zaman, da hantsi, amalanken jaki ya shigo harabar likita. Matar ce a kwance tana jijjiga, ta ciji harshenta, surukar na riƙe da kanta a cinya. Muka yi mata allura, na kira ambilans don a kai ta babban asibiti, na shiga da kaina. Inna ma ta shiga, ta riƙe hannunta tana yi mata magana a hankali da Fillanci. Hanyar rairayi ce, mota ba ta gudu. Ba mu kai rabi ba na ga Inna ta yi shiru, ta cire mayafinta ta rufe mata fuska. Ta cika, ita da abin da ke cikinta. Direba ya tsaya, ya dube ni, ya juya mota ba tare da na ce komai ba.

Da muka je gaisuwa rugar, surukar ta ce kwana ne ya ƙare, ta gode da wahalar da muka sha. Ta kawo mana nono a ƙwarya. Na kai baki, na ajiye ƙwaryar.

Da wata ya zagayo Madam ta dawo, labari ya riga ya kai mata. Na zauna a tabarma na shirya jin zargi. Ta ce wa zai fara. Inna ce ta fara.

"Laifina ne," ta ce. "Tafiyar rabin yini ce a ƙasa, na sha yin wadda ta fi ta. Da can ba na tambayar kowa. Sai ga ni zaune ina jiran a ce mini je ki. Ina da ƙafa, Madam."

Hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Inna, ni na ɗaure ƙafar. Ki yafe mini." Daga nan na yi kuka a gaban mutanen da nake tunanin kada su raina ni. Madam ba ta rarrashi kowa ba. Ta bar mu har muka natsu, sannan ta tambaya me za mu canja daga ranar. A wurin na janye dokar. Muka yarda duk wanda ya ji labarin mai ciki da irin alamun nan, ya ɗauki babur ya tafi, ya gaya mini in ya dawo.

Inna ta koma yawon rugage, ta yi shekara biyu tana yi kafin Allah ya karɓi abarsa. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya.

Na yarda kwana in ya ƙare ba mai ƙara shi, amma wannan bai wanke ni ba. Abin da na koya, da tsada, shi ne jin magana ba ya amfanar kowa in wanda ya ji bai tashi ba. Kuma duk shugaban da ya koya wa mutanensa jiran bakinsa kafin su yi alheri, to ya sani ranar da zuciya ta rufe masa baki, wani ne can da bai san hawa ba bai san sauka ba zai ɗauki nauyin.